Aikin Kiwon Shaho a Ɗa'if

A ƙasarmu ta Gashuwa shaho ɓarawo ne, kuma ba a yi masa kallon da ya wuce wannan. Da zarar inuwarsa ta gifta tsakar gida, kaza ta tattara 'yan tsakinta, mata su ɗauki ihu, yara kuma su ruga neman danƙo. Da irin wannan tarbiyya na iso Saudiyya, igamata, wato takardar izinin zamana, tana cewa ni lebura ne, aka kai ni wata cibiya a bayan garin Ɗa'if inda ake jinyar tsuntsaye masu farauta, a hayayyafa su, a kuma nuna su ga baƙi.

Ɗa'if gari ne da ke kan duwatsu, tsayinsa ya haura mita 1,800, don haka sanyin darensa ya ba ni wuya fiye da zafin da aka yi ta tsorata ni da shi a gida. Larabcin da na samu a makarantar allo bai fisshe ni a bakin Badawiyawa ba, domin maganarsu gajera ce, kuma da gudu take fita. Allah ya taimake ni da shugaban masu kula da tsuntsayen, wani dattijo Bahaushen Sudan daga Mayurno, garin da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa a bakin Kogin Nilu. Hausarsa tsohuwa ce, mai ɗauke da kalmomin da tun rasuwar kakata ban sake jinsu ba. Ranar da ya fara ɗora mini macen shaho a hannu ya ce, "Ɗana, kada ka dube ta ido cikin ido, kada kuma ka janye hannunka ko da ta damƙe ka." Na ce, "To, Baba." Nauyinta bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba, amma duk da kaurin mangalar da ke hannuna, wato safar da tsuntsu ke tsayawa a kai, sai da na ji ƙarfin farcenta har cikin ƙashi.

Aikin yana farawa ne bayan sallar asuba, kuma da sikeli ake buɗe shi. Kowane tsuntsu sai an auna shi an rubuta, saboda a nauyinsa ake karanta lafiyarsa da halinsa: idan ya yi ƙiba ba zai amsa kira ba, idan kuma ya rame fiye da kima cuta ta samu ƙofa. Daga nan sai a duba ƙarƙashin wakar, wato turken da yake tsayawa a kai, a ga kashinsa da kuma ɗan curin gashi da ƙashi da yake amayarwa bayan ya narkar da abincin jiya. Curin lafiyayye busasshe ne, ba shi da wari. Abincinsu salwa ce da tattabara, kuma ba a cire gashin duka, domin cikinsu yana bukatarsa. Cututtuka biyu ne suka fi tayar mana da hankali. Ɗaya ita ce fumfunar da ke kama huhu idan ɗaki ba ya samun iska, ɗayar kuma kumburin tafin ƙafa, wanda tsayuwa a kan turke mai tauri ke jawowa, shi ya sa muke lulluɓe turakun da ciyawar roba.

Da bazara tsuntsayen suna shiga garnasa, suna zubar da tsofaffin gashinsu suna fitar da sababbi, kuma watanni suke yi a ɗakuna masu na'urar sanyaya iska ba tare da an tashe su ba. Kowane dogon gashin fiffike ko na wutsiya da ya faɗo mukan adana shi, saboda idan wani tsuntsu ya karya nasa, Baba yakan zaɓo wanda ya yi daidai, ya zura siririn tsinke a cikin ramin gashin biyu, ya haɗa su da gam, har mai kallo ya kasa gane mahaɗar. A wurinsa na ga abin da ake kira nutsuwar hannu.

Lokacin da na fi ƙauna shi ne ƙarshen hunturu, sa'ad da ake haɗa maza da mata. Macen ta fi namijin girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma idan ba ta yarda da shi ba tana iya kashe shi, don haka ta kyamara muke sa musu ido dare da rana. Takan saka ƙwai uku zuwa biyar. Idan aka kwashe na farko aka kai na'urar ƙyanƙyasa, sau da yawa takan sake saka wasu, a samu riɓi biyu a shekara guda. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ɗan tsakon zai fara huda ɓawo, ya fito jiƙe, kansa yana rinjayar wuyansa. Da ɗan hantsaki muke ba shi niƙaƙƙen nama, amma ba a bari ya daɗe a hannunmu. Kafin ya soma gane fuska ake mayar da shi ga uwa, in ba haka ba zai tashi yana zaton mutum ne jinsinsa, ya ƙi 'yan'uwansa har tsufansa.

Ranakun Juma'a da Asabar iyalai suna zuwa kallo. Sai a cire wa shahin, wani jinsin shaho mai tsananin gudu, burƙa, wato hular da ke rufe masa ido, a sake shi ya yi sama, ni kuma in tsaya a fili ina juya tilwa, wato fikafikan da aka ɗaure a igiya. Idan ya naɗe fikafikansa ya sulmiyo, gudunsa yana iya wuce kilomita 300 a awa, kuma ƙarar iskar da yake tsagawa ake fara ji kafin ido ya kama shi. Mutanen nan gadonsu ne, har UNESCO ta sanya farauta da shaho cikin al'adun duniya a 2010, Saudiyya tana cikin ƙasashen da aka lissafa. A Malham, arewa da Riyad, ake bikin Sarki Abdul'aziz, inda tsuntsaye ke tseren mita 400, kuma a can aka sayar da wani farin shaho kan riyal miliyan 1.75 a gwanjon 2021. A ganina wannan kuɗi kaifi biyu gare shi. Shi ne ya gina ɗakunan hayayyafa da asibitocin tsuntsaye, shi ne kuma yake tura masu tarko su kwashe jinsin shahon da ake kira hurr daga daji, alhali yana cikin jinsunan da ake fargabar ƙarewarsu. Shirin Hadad, wanda ke mayar da shahuna wuraren sheƙarsu na asali, shi ne ya fi kwanta mini a rai a duk harkar.

Idan na samu hutu nakan gangara Makka ta hanyar Hada, in yi ɗawafi, sannan in nufi Shara Mansur in ci tsire cikin 'yan'uwa. Da yawansu a nan aka haife su, ba su taɓa taka Kano ba, amma gaisuwarsu tana nan da tsawonta. Da farko sun yi mamakin a ce Bahaushe ya ƙetaro teku don yi wa shaho hidima, yanzu kuwa har akwai masu kawo yaransu kallo.

Abin da ke damuna shi ne ungulu. A gabas da Ɗa'if akwai gandun Mahazat as-Sayd, wanda aka kewaye da waya, kuma manyan ungulaye suna sheƙa a kan bishiyoyinsa ba mai taɓa su. A gida kuwa, mayankar da muka taso muna ganin ungulu ta cika ta yanzu wayam take, saboda guba da kuma masu sayen kanta don haɗa magani, mushe kuma yana ruɓewa a bakin hanya ba mai ɗauke shi. Na riga na yi magana da ƙanena ya nema mini ganin sarkin fawa da limamin unguwarmu idan na je gida, domin su ne mahauta da masu tarko za su saurara.