Kafireta mai zubar da mai: yadda muke bin matsalar a garejinmu

Ina da ƙaramin garejin gyaran babura a Argungu, inda nake aiki tare da yara masu koyon sana'a. Mafi yawan abin da ake kawo mana Bajaj Boxer ne na 'yan kabu-kabu da manoman shinkafa, sai kuma dogayen baburan nan na shiga daji irin su Yamaha AG200 da Honda XL, waɗanda malaman gona da ma'aikatan rigakafi ke hawa zuwa ƙauyukan fadama. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, babu ƙorafin da ya fi tayar wa mai babur hankali kamar ya wayi gari ya tarar da ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin injinsa, tanki kuma ya yi ƙasa ba tare da ya je ko'ina ba.

A ƙasan kafireta, wato na'urar da ke haɗa mai da iska kafin su shiga injin, akwai ɗan kofi da mai ke taruwa a ciki, a cikinsa kuma akwai fulot, wanda ke tashi bisa mai kamar ƙwarya a kan ruwa. Idan kofin ya cika, fulot ɗin ya tura wata 'yar allura mai kan roba ta toshe ƙofar da mai ke shigowa. Duk abin da ya hana wannan allura zama daidai a mazauninta zai sa mai ya ci gaba da kwarara har ya fita ta tiyon da ke ƙasa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya gangara cikin injin.

Abin da na fi samu shi ne datti, kuma ba a kafireta yake farawa ba. Mutanenmu da yawa a gefen hanya suke sayen mai, daga galan da kwalabe, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina da ke shiga tanki ya haifar da tsatsa. Ƙwayar yashi guda ta isa ta hana allura rufewa. Saboda haka ne nake hana yarana saurin kwance kafireta. Da farko mukan rufe makunnin mai, mu sassauta 'yar ƙusar da ke gindin kofin, mu tari abin da ya fito a cikin farar roba. Sau da yawa za ka ga jan gari ya kwanta a ƙasa, da ɗigon ruwa yana yawo a ƙarƙashin fetur. Idan na nuna wa mai babur wannan, ba na buƙatar dogon bayani. Wanke kafireta a bar tanki da tsatsarsa aikin banza ne, domin mutumin zai dawo, kuma zai ce mun cuce shi, yana da gaskiya kuwa. Dole a sauke tanki a wanke shi, a duba ragar makunni, a sa sabuwar filta a kan tiyo.

Idan an buɗe kofin, nakan ciro fulot in girgiza shi kusa da kunnena. In na ji motsin mai a ciki, ya huje, ya yi nauyi, sai canji. Allurar kuma nakan ɗaga ta a hasken rana, domin idan ta tsufa wani siririn zobe yakan fito a kan robar inda take gugar mazauninta. Bayan an mayar da komai, sai in kifa kafiretar in hura iska ta ƙofar mai. Idan iska ta wuce, aiki bai ƙare ba. Akwai kuma wani siririn bututun tagulla da ke tsaye a cikin kofin, wanda kan tsage, mai ya riƙa bi ta nan alhali allura lafiyarta lau, kuma wannan yana ruɗa makanikai da dama.

Wasu sukan zo da shawararsu a hannu. “Maigida, a sa mini sabuwa kawai,” in ji su. Nakan ce, “Malam, taka ta asali ta fi wadda za ka saya da araha, bari mu canza allura.” Raina yana ɓaci idan na ga an jefar da kafiretar kamfani saboda abin da bai kai girman ƙwayar shinkafa ba. Haka nan murɗa ƙusar daidaita iska ba ya tsayar da zubar mai, sai dai ya ƙara dagula tafiyar injin.

Idan injin ya sha mai ya ƙi tashi, a rufe makunni, a mayar da cok (abin da ake ja don tayar da injin da ya yi sanyi), a cire filogi a busar da shi, sannan a buɗe totur gaba ɗaya a buga. Amma a babur irin Boxer ba na barin kowa ya tafi sai na zaro sandar gwajin baƙin mai na sansana. Idan yana warin fetur, ko ya tsinke, ko ya haura alamarsa, to fetur ya gangara ciki, kuma tafiya da shi a haka tana cinye fistin da zobbansa. Sai an juye shi an zuba sabo. Kafin mutum ya hau, nakan kama hannunsa in ɗora a kan makunnin mai, in roƙe shi ya riƙa rufewa duk dare, musamman ma mai kwanar da babur a zaure ko kusa da madafa inda ake hura wuta.