Harzar da na cire sau biyu

Iyakar da na sa wa kaina giram 50 ne na kabohaidiret a rana, kuma wata biyu cur ina rantsuwa ban taɓa wuce 45 ba. Littafina cike da lissafi, sikelin kicin na kan tebur, na bar shinkafar kabsa, na bar burodin tamis na safe. Amma na'urar gwajin sukari ta ƙi sauka yadda ya kamata, musamman awa biyu bayan karin kumallo. Ashe lissafin ne ruɓaɓɓe tun daga tushe, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu, don kuskuren na layi ɗaya ne a bayan kwali.

Ƙa'idar da kowa ya haddace ita ce ka duba jimillar kabohaidiret, ka cire harza, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wadda takardun Larabci na bayan kwali ke kira alyaf, abin da ya rage shi jiki zai mayar sukari. Ƙa'idar daidai take, amma ga takardar da aka rubuta irin ta Amurka, inda harzar ke cikin jimilla. Za ka gan ta an ɗan tura ta ciki, a ƙarƙashin layin alkarbohaidrat alkulliyya, wato jimillar kabohaidiret, kamar 'ya a bayan uwa. Yawancin kayan da ake yi a nan Saudiyya haka takardarsu take. Kayan Turai kuwa, na Jamus ko Ingila ko Italiya, an riga an cire harzar kafin a buga adadin. Layinta daban yake, a ƙasa, tsaye da ƙafarsa. A manyan kantunan Jidda kayan nan suna jere a kanta ɗaya, wani lokacin ma da ƙaramar takardar Larabci da aka manna a kan ta asali, sai ka ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abin da ya ci ni shi ne wani busasshen burodi mai dusa da ake kawowa daga Turai. A giram 100 an rubuta kabohaidiret 46, harza 24. Na cire, na samu 22. Yanki ɗaya giram 10 ne, sai nake rubuta 2.2 a littafi, alhali 4.6 ne. Yanki takwas nake ci a rana da cuku ko ƙwai, ina lissafa 18, cikina yana karɓar 37. Ga kuma man gyaɗa na shafa wa burodi, na kwalba, shi ma na Turai, kabohaidiret 12 da harza 7 a giram 100, ina rubuta 5. Kullum ina zarce abin da na rubuta da sama da giram 20 ina ta yaba wa kaina.

Irin ciya, ƙananan ƙwayoyin nan da ake rubuta wa chia, shi ya tona asirin. Na sayi leda ɗaya, na ga kabohaidiret bai kai giram 5 ba, harza ta haura 30. Na cire sai lissafi ya faɗa ƙasa da sifili. Abinci ba ya bin mutum bashin sukari. Nan na tsaya a kicin da ledar a hannu, na jawo kwalin burodin na sake dubawa, na ga layin harzar a ware.

Yanzu in na yi shakka, kalori nake tambaya, shi ba ya ƙarya. Giram ɗaya na kabohaidiret kalori 4 ne, furotin 4, mai 9, harza wajen 2. Burodin nan yana da furotin 13, mai 5, an rubuta kalori 330. In 46 ɗin tsantsa ne: 184 da 52 da 45 da 48, ya ba da 329, ya yi daidai. In da harzar na ciki, da jimillar ta tsaya wajen 233. Giɓin kusan ɗari ba ya ɓuya. Minti ɗaya ne a wayar hannu, ni kuwa na yi wata biyu ban yi ba.

Da na fara zargin kowace takarda sai sauran tarkunan suka fito, ko da yake babu wanda ya kai wancan ciwo. Akwai hajmul hissa, wato girman rabo ɗaya. Ledar kashu a baƙala, wato ƙaramin shagon unguwa, za ta ce giram 9, amma na giram 30 ne, ledar kuma 90 ce, wa ke buɗe ledar kashu ya ajiye saura? Kashu ma ba abokin tafiya ba ne, wajen giram 30 yake da shi a 100, almon kuwa 22 ne kuma fiye da rabinsa harza. Na koma duba layin giram 100 kawai, in auna abin da zan ci a sikeli, in ninka. Laban, wato nonon sha na kwalba, wanda ba a sa wa sukari ba shi ma yana da nasa na nono, giram 4 zuwa 5 a mililita 100, don haka kwalba mai 360 ta kai wajen 16. Na gwangwanin waken ful, ka duba ko adadin na nauyin da aka tsiyaye ne ko har da ruwan. Na shinkafa kuma ɗanya ake nufi, kusan 80 a 100, dafaffiya tana wajen 28.

Cakulan da aka rubuta wa khali minas sukkar, wato marar sukari, na daina saya gaba ɗaya. Yawancinsa maltitol ne, wani abin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, yana ɗaga sukarin jini, in ka yawaita kuma ya sakar maka ciki. A cikin irin waɗannan kayan zaƙi, eritiritol kaɗai nake cirewa duka daga jimilla, sauran danginsa rabi nake cirewa. In na ga maltodekstirin, wani garin sitaci, a farkon jerin kayan haɗi, sai in mayar da kwalin kan kanta. Mai shan maganin sukari ko allurar insulin kuwa, kada ya gyara lissafinsa ya rage abinci kwatsam bai gaya wa likitansa ba, sukari na iya faɗuwa fiye da kima.

Dabino ba ya zuwa da takarda in an miƙo maka shi da gahawa a gidan mutane, ko a masallaci lokacin buɗa baki. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa kabohaidiret ne. Na auna na gidana bayan cire ƙwallo, ƙanana giram 8 zuwa 10, wato 6 zuwa 7 kowanne. Uku sun cinye 20 daga cikin 50. Ina karɓar ɗaya, in riƙe finjalin a hannu don kada a ƙaro.

Burodin yana nan a kabad, yanki uku nake ci yanzu. Na ɗauki alƙalamin maka na rubuta 4.6 ɓaro-ɓaro a gaban kwalin, na kuma koma shafukan wata biyun nan na gyara su da jan biro ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta fi muni 74 ta tashi, a gefenta kuwa da hannuna na rubuta 44.