Ba kowace hirar da ta ɓaci ce abin dariya ba

Duk sanda muka haɗu da ƙawayena, ko da maganar aiki aka fara, a ƙarshe sai an gangaro kan labarin wani saurayi da ya zo hira ya yi abin da ba a taɓa gani ba. Mazan ma ba a bar su a baya ba, yayyena suna da nasu labaran na 'yan mata. Ina ƙaunar waɗannan labarai, kuma ban ɗauke su shiririta ba. A cikinsu na koyi rarrabe mutumin da tsoro ya rikita da mutumin da halinsa ne ya fito fili, abin da duk mai neman abokin zama yake bukatar ya iya.

Wata ƙawata ta haɗu da wani bawan Allah a wurin cin abinci, ganinsu na farko ke nan. Ashe ya rubuto abin da zai faɗa a takarda. Jim kaɗan sai ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗago ya jefo tambaya: "Malama, wane launi kika fi so?" Ba ta gama amsawa ba ya sake sunkuyawa. Ana cikin haka takardar ta suɓuce ta faɗo daidai ƙafarta. Da ta ɗauka sai idonta ya sauka a kan wani layi da ya ja wa zane a ƙasa: "A nan ka yi murmushi." Dariya ta ƙwace mata, shi ma ya rufe fuska da hannu yana dariya, kuma daga nan ne hira ta gaskiya ta soma. Ba su daidaita ba daga baya, amma har gobe idan ta ba da labarinsa da mutunci take ambatonsa. Mutumin da ya zauna ya rubuta takarda don kada ya ba ki kunya, ai ya ɗauke ki da daraja.

Na tabbata ya koma gida yana ganin ya gama zubar da kansa. Haka yawancinmu muke. A 2018 wata mai binciken halayyar ɗan Adam, Erica Boothby, da abokan aikinta sun wallafa wani nazari da ya nuna cewa bayan mutum ya yi hira da baƙo, yakan ɗauka bai burge ba, alhali ɗayan ya ji daɗin zaman fiye da yadda ake zato. Kowa yana can yana ƙirga kurakuransa, ba ya ma lura da na ɗan'uwansa. Shi ya sa in ƙanwata ta dawo tana cewa "Yaya, na kwafsa, harshena sai sarƙewa yake," nakan ce mata ta kwantar da hankali, mai yiwuwa shi ma abin da yake faɗa wa nasa yayan ke nan.

Ni kuwa wanda ba zan manta ba shi ne mai mota. Daga gaisuwa ya shiga labarin motarsa: yadda ya saye ta, bakaniken da ya cuce shi, irin man da take sha. Ya gama ya koma kan motar da zai saya nan gaba. Abinci ya zo, abinci ya ƙare, bai tambaye ni ko aikin me nake yi ba. Da muka tashi ya dube ni da fara'a ya ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya kin iya hira." Ban ji haushinsa ba, tausayinsa na ji, don da gaske yake ganin an yi hira. Masu bincike a Jami'ar Harvard, cikinsu har da Karen Huang da Alison Wood Brooks, sun duba wannan a 2017. Sun yi nazarin irin taron nan da ake zaunar da maza da mata su tattauna na 'yan mintoci sannan kowa ya matsa gaba, salon da aka faro a birnin Los Angeles a 1998. Waɗanda suka fi samun amincewar a sake haɗuwa su ne masu yin tambaya a kan abin da aka gama faɗa musu. Ka ce kana koyarwa, a ce maka wane aji, me ya fi ba ka wahala da yaran. Irin wannan tambayar ba ta fitowa sai daga bakin wanda ya saurara.

Sai kuma batun hoto, tunda yanzu da yawa a waya ake fara sanin juna. Shafin neman masoya na Match.com ya buɗe tun 1995, manhajar Tinder mai irin wannan aiki ta zo a 2012, kuma a Amurka cibiyar Pew ta ba da rahoto a 2023 cewa kashi 30 cikin 100 na manya sun taɓa amfani da irin waɗannan manhajoji. Wani yayana ya taɓa wuce yarinyar da suka yi alƙawari da ita, ya dawo ya sake wuce ta, yana kiran wayarta tana ringin a gabansa, don hoton da ta sa ya kwana biyu ƙwarai. Ita kuma ba ta tsayar da shi ba, saboda tana jiran wani dogo ne kamar yadda ya kwatanta kansa. Da suka gane juna babu wanda ya iya tuhumar wani. A 2008 Catalina Toma da Jeffrey Hancock da Nicole Ellison sun tara mutum 80 masu neman masoya ta intanet a New York, suka auna tsayinsu da nauyinsu, suka duba shekarunsu a katin shaida. Kusan 8 cikin 10 sun ɗan karkata daga gaskiya a abu ɗaya aƙalla: maza sun fi ƙara wa kansu tsayi, mata sun fi rage nauyi. Galibin ƙaryar ƙanana ce. Ban ce tana da kyau ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma abin da nake kallo shi ne yadda mutum yake yi in an kama shi. Wanda ya ji kunya ya amsa, akwai sauran magana da shi. Wanda ya murje ido ya ce ke ce ba ki gani da kyau, wannan ya nuna miki yadda zai yi ranar da ƙaryar ta zama babba.

A nan ne nake so mu tsaya mu yi magana da gaske. Peter McGraw da Caleb Warren na Jami'ar Colorado sun kawo wani bayani a 2010 kan abin da ke sa dariya: abu ya saɓa yadda ya kamata, amma babu cutarwa a cikinsa. Takardar da ta faɗi ta saɓa tsari, ba ta cuci kowa ba. To amma sau da yawa nakan ji ana ba da labarin da akwai cutarwa a ciki, ana lulluɓe shi da dariya don kada a ce mutum ya cika ƙorafi. Wata ta taɓa ba mu labarin wanda ya fizge wayarta a haɗuwar farko yana bin saƙonninta ɗaya bayan ɗaya, wai yana son ya san da wa yake takara. Da ta miƙe za ta tafi ya riƙe jakarta ya ce sai ya gama magana. Tana faɗa tana dariya, mu ma muka biye mata, har sai da wata babbar yayarmu ta katse mu ta ce, "Ƙanwata, kin ji tsoro a lokacin?" Ta yi shiru, sannan ta ce sosai ma. Tun daga ranar nake yin wannan tambayar duk sanda labari ya zo da irin wannan warin.

Mai daka wa ma'aikacin wurin cin abinci tsawa saboda ruwa ya yi jinkiri, mai jin "a'a" ya mayar da ita abin ciniki, mai zagin duk wadda ya taɓa nema, waɗannan ba rikicewar sabon shiga ba ce. Haka ma wanda ba ku taɓa ganin juna ido da ido ba amma kullum da sabuwar matsalar da kuɗi ne kawai maganinta. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ce a 2022 kusan mutum 70,000 ne suka kai ƙarar an damfare su da sunan soyayya, asarar ta kai dala biliyan 1.3. Maza da mata duk suna ciki, kuma da yawa kunya ce ke hana su faɗa da wuri.

Wani abin kuma da ke damuna shi ne ɗaukar hoton hirar mutum a watsa a Facebook da sunansa da fuskarsa don a yi dariya. Labarin mai takarda yana da daɗi ne saboda babu wanda ya san ko wane ne. Da an fallasa shi, da an hukunta shi a kan ƙoƙarin da ya yi na kyautatawa.

Game da tsoro kuwa, akwai dabarar da ta burge ni. A 2016 a yankin Lincolnshire na Ingila aka ɓullo da wani tsari: wanda ya ji bai aminta da wanda suka haɗu da shi ba sai ya je wurin ma'aikatan wajen da suke zaune ya ce yana neman Angela, su kuma sun san ma'anar, za su fitar da shi cikin sirri ko su samo masa mota. Ba ko'ina ake da wannan ba, don haka ni da ƙanwata muka yi namu. Duk wadda za ta haɗu da sabon mutum, a wurin da jama'a suke za a haɗu, za ta faɗa wa ɗayar inda take da lokacin da za ta dawo, kuma da kuɗin motarta a jaka. In ta turo saƙo tana tambayar ina na ajiye makulli, na san kira take so in yi mata nan take in ce ana nemanta a gida.