Da sabon gilashi zuwa bakin tafki

Mu shida ne, kuma babu ɗayanmu da ke cin abinci da ɗaukar hoto. Akwai malamin makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da ɗaliban jami'a biyu, da wani dattijo da ya yi ritaya wanda duk muke kira Baba, sai ni. Kyamara ce kaɗai ta haɗa mu. Mun daɗe muna cewa za mu fita tare, sai a wannan karon Allah ya nufa. Muka tsara cewa ranar farko za mu biya wurin masu sayar da kayan kyamara, domin uku daga cikinmu suna son sabon gilashi, wato idon kyamara da ake iya cirewa a canja, washegari kuma rana ta fito mana a bakin wani tafki da ke gindin dutse, tafiyar awa huɗu a mota.

Ni dai na san abin da ya kai ni. Shekara uku ina aiki da gilashin da ya zo da kyamarata, mai milimita 18 zuwa 55 (ƙaramar lamba tana ɗaukar wuri mai faɗi, babba tana zuƙo abin da ke nesa). Bai taɓa ba ni kunya da rana ba, amma da zarar magariba ta kawo jiki sai hotuna su fara dishi-dishi. Dalili kuwa ƙofar haskensa ce: idan na zuƙo shi har ƙarshe, ba ta buɗewa fiye da f/5.6. Wanda na je nema, Canon mai milimita 50, yana buɗewa har f/1.8. A wannan lissafi, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kuma tsakanin waɗannan biyun hasken da ke shiga ya ninka kusan sau goma. Da aka miƙo mini shi na yi mamakin rashin nauyinsa, giram 160 ne kacal, ya ɓace a tafin hannu. Ba ya zuƙowa ko kaɗan. Inda ya tsaya nan ya tsaya.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ɗauki dogo, mai milimita 70 zuwa 300, don tsuntsaye ne suka dame shi. Ma'aikaciyar jinyar kuwa na hannu take so, kuma a nan ne Baba ya karɓi ragama. Da aka kawo gilashin farko, ya cire murafansa biyu, ya kunna fitilar wayarsa ya haska ta baya, ya sa ido ta gaba yana juya gilashin a hankali.

"'Yata, zo ki gani," in ji shi. "Wannan ɗigo-ɗigon ƙura ce, ba ta hana komai. Amma kin ga wancan mai kama da saƙar gizo a gefe? Fumfuna ce. Danshi ke kawo ta, kuma idan ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko an goge tabon na nan."

"To Baba, a bar shi ke nan?"

"A bar shi. A kawo wani."

Na biyun da aka kawo ya duba ganyayen ƙofar hasken ko akwai maiƙo a jikinsu, ya murɗa zoben saiti daga farko har ƙarshe yana saurare, sannan ya sa ta ɗora shi a kyamararta ta ɗauki farin bango. Sai da ya gamsu ya gyaɗa kai. Har mun kai bakin ƙofa ya tsaya ya tambaye ta ko ta sayi adafta, wato zoben da ke haɗa gilashi da kyamara idan bakinsu, inda suke haɗuwa, ba iri ɗaya ba ne. Kyamararta irin sababbin nan ce marasa madubi a ciki, masu bakin RF da Canon ya fito da shi a 2018, gilashin kuwa na bakin EF ne da aka fara tun 1987. Adaftar mai shagon aka yi gwajin da ita, kuma an mayar. Ba don tambayar nan ba, da ta yi tafiyar awa huɗu da gilashin da ba zai hau kyamararta ba.

Hanya ba ta da wani labari. Mun isa da dare, muka sa batura a caji, muka kwanta da wuri.

Tun da sauran duhu muka bar masauki. Da muka fito daga mota a bakin ruwa, na ɗaga kyamara sai na ga duniya ta yi fari fat kamar hazo. Gabana ya faɗi, na ɗauka wani lahani ne a sabon gilashin. Ashe sanyin na'urar motar ne ya kama shi, da ya haɗu da iskar tafki mai danshi sai raɓa ta kwanta a kai. Malam ya riƙe hannuna kafin in kai gefen riga. Ya ce in bar shi ya sha iska, zai washe da kansa. Minti goma na tsaya ina kallon gabas tana ja, raina yana ta ƙuna, amma ya washe.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Wani masunci yana tura kwalekwalensa daga gaɓa, hasken farko yana bugun gefen fuskarsa. Hannuna ya tafi neman zoben zuƙowa kamar yadda ya saba, bai tarar da komai ba. A irin kyamarata, mai ƙaramin faifan karɓar haske, ana ninka tsawon gilashi sau 1.6, don haka milimita 50 ɗin nan tana gani kamar 80. Ta yi matsi ga faɗin tafki, ta kuma yi gajarta ga mutumin da ke nesa. Dole na taka. Na gangara, takalmina ya nutse a laka, na yi masa sallama, na nemi izini. Ya yi murmushi ya ce in ɗauka. Na buɗe ƙofar zuwa f/2, na sa saiti a idonsa na kusa. Da na duba, zaren komarsa ya fito ɗaya bayan ɗaya, dutsen da ke bayansa kuma ya narke ya zama launi kawai. A shekara uku ban taɓa matsawa kusa da baƙo haka ba, kullum daga nesa nake zuƙowa in wuce. Mun ɗan yi hira da shi a kan ruwan bana kafin ya tura.

Ɗalibin nan kuwa yana can yana fama da zalɓe. Tsuntsun na tsaye cik a cikin ruwa, amma duk hoton da ya ɗauka sai ya fito da rawa. Ya fara zargin an sayar masa da mara kyau. Baba ya leƙa bayan kyamarar ya ga saurin ƙiftawarta ɗaya bisa sittin na daƙiƙa.

"Ɗana, gilashinka lafiya lau. Dogon gilashi yana ƙara girman tsuntsu, yana kuma ƙara girman rawar hannunka. Milimita 300 a kyamararka kamar 480 ce. Kada ka sauka ƙasa da ɗaya bisa ɗari biyar. Ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamarar, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka saki numfashi kafin ka danna."

Ya yi hakan. Hoto na uku, zalɓen ya soka baki a ruwa ya fito da kifi, kuma ɗigon ruwan ya tsaya a iska ƙyam. Yaron ya rasa bakin magana, sai nuna wa kowa yake yi.

Shi Baba bai sayi komai ba a tafiyar. Gilashinsa Nikon ne na shekarun 1980, ƙarfe zalla, da hannu ake saita shi, fentin gefensa duk ya goge. Yana hawa kyamararsa ta zamani saboda kamfanin ya riƙe baki iri ɗaya, wato F, a kyamarorinsa masu madubi tun 1959. A ganina hotunansa ne suka fi na kowa a ranar, kuma bai ɗauki fiye da ashirin ba. Yakan zauna a kan dutse ya daɗe yana kallon wuri kafin ya ɗaga kyamara.

Wajen ƙarfe tara rana ta ɗaga sosai, inuwa ta yi kauri, launin ruwan ya koma toka. Muka hau dutsen don mu ga tafkin daga sama. A can na so in haɗa ruwan duka a hoto ɗaya, sabon gilashin ya ƙi, ko rabinsa bai ɗauka ba, bayana kuma babu wurin ja da baya. Na juya wa iska baya don kada ƙura ta shiga, na cire shi, na mayar da tsohon nawa a milimita 18. Tafkin ya shigo gaba ɗaya, har da kwalekwalen masuncin, ɗan ɗigo a tsakiyar ruwa.