Godiya ga iyayen tagwaye da duk wanda ya tsaya mini

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Alhamis na kare kundin digirina na uku a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, kuma malamai sun amince da shi. Tun ranar waya ba ta huta ba. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini afuwa, wannan saƙon nasa ne.

Kafin kowa, godiyata ga iyayen tagwaye, domin da su aka yi aikin. Masu tambayata me ya haɗa ni da 'yan biyu, ga dalilin a taƙaice: tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan duk ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kamar rabi suka haɗa, daidai da wa da ƙani. Idan kashin farko sun fi na biyu kama da juna a wani hali, alhali kowane biyu gida ɗaya suka tashi, to gado yana da hannu a ciki. Francis Galton ne ya fara kawo tagwaye cikin wannan magana a Ingila a 1875. A 1979 Thomas Bouchard ya soma bin tagwayen da aka raba tun suna jarirai a Minnesota ta Amurka, sannan a 1994 Robert Plomin ya kafa babban bincikensa a Landan, wanda ya bi tagwaye sama da 10,000 tun suna ƙanana. Kusan duk abin da aka sani daga 'ya'yan Turawa aka samo shi. Abin da ya fitar da ni gida-gida ke nan da jakar takardu.

Ba ƙaramin abu ba ne baƙuwa ta yi sallama, ta ce za ta goga auduga a cikin kumatun ɗanki ta tafi da yawunsa. Wasu sun ce a'a, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Waɗanda suka yarda kuwa sun shimfiɗa mini tabarma, sun bar tukunya a kan murhu suna amsa tambayoyi. Ba zan manta wata baiwar Allah ba da ta ɗaura wa Hassana jan zare a hannu don kada in rikita ta da Hussaina, tana dariya tana cewa ita ko a duhu kukansu ya ishe ta ganewa. Allah Ya raya muku su. Masu unguwannin da suka haɗa ni da ɗan rakiya, Allah Ya ƙara girma.

Baba, kai ka yi mini tambayar da ta fi ta 'yan kwamiti zafi: in dai hali gado ne, mene ne amfanin tarbiyya? Ga amsar a gaban jama'a. Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara binciken tagwaye na shekara 50, ya nuna gado na bayyana kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane. Lissafin jama'a ne a dunƙule, ba hukunci a kan yaro ɗaya ba, kuma sauran rabin yana nan. Wahalarka da ta Inna ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Malamina da ya duba aikin, wanda jan bironsa bai taɓa tausaya mini ba, na gode. Maigida da Yaya da suka riƙe yara ina fama da lissafi cikin dare, Allah Ya saka da alheri.

Iyayen tagwaye, na yi muku alkawarin dawowa in faɗa muku abin da aka gano, da Hausa, ba a takarda ba. Bayan Sallah zan fara zagayowa in sha Allahu, don haka wadda ta sauya gida ta bar sallahu wurin mai unguwa.