Daren da teku ta ci min mutunci tsakanin Sawakin da Jidda

Ni fa haihuwar Sakkwato ne, iyakar ruwan da na sani gulbin Rima, nan wajen gadar Kwalkwalawa inda muke satar jiki mu je iyo muna yara, mu dawo gida a zane mu. Shi ya sa lokacin da nike karatu a Khartum, kafin yaƙin 2023 ya ɓarke, da abokai sunka ce mu tai Umra ta ruwa tunda ya fi jirgin sama arha, ni na fara cika baki wai ai ni ɗan bakin gulbi ne, ruwa bai ba ni tsoro.

Munka hau mota har Sawakin, kudu da Port Sudan kaɗan, tsohon gari wanda anka gina da duwatsun teku, yanzu galibinsa ya zube sai kango. Ta nan kakanninmu masu zuwa Hajji da ƙafa suke ƙetarawa. Jirgin kuwa ƙato, har motoci ya haɗiye a cikinsa. Anka ce awa 12 ko sama da haka kaɗan muna Jidda. Munka karanta Bismillahi majreha wa mursaha, ya tashi bayan magariba, lafiya lau, har ina ɗaukar hoto.

Wajen sha ɗayan dare iska ta taso daga arewa, lokacin sanyi ne. Da farko kamar wasa, kofin shayi na zamewa kan tebur muna dariya. Can sai jirgin ya ɗaga sama kamar zai hau tudu ya sako ƙasa tim, hanjina ya biyo maƙogwaro, akwatuna na gudu da kansu daga wanga bango zuwa wancan, yara na kuka, ma'aikata sunka kulle ƙofofin fita waje suna rabon leda, kuma ka tuna duk wanga abu da harami a jikina nike, hannu ɗaya na riƙe ƙarfe ɗaya na riƙe zane kada a ga abin kunya. Wani bawan Allah kuma ya rasa lokacin da zai ba da labarin jirgin Masar da ya nutse a wagga teku ta Bahar Maliya a 2006 mutum sama da dubu sunka mutu, sai lokacin. Wallahi har yau ban yafe mai ba.

Ina durƙushe ina amai sai naji an ce da Hausa, ɗana kai Basakkwace ne ko? Wata tsohuwa ce daga Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a gaɓar Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba ta taɓa taka Najeriya ba amma Hausarta irin ta kakata ce sak. Nace Inna mutuwa za mu yi. Tace rufe min baki, sauko tsakiyar jirgi daga ƙasa, nan bai cika jijjiga ba, ka kwanta ka rufe ido. Ta yanko lemun tsami ta ba ni in tsotsa. Ita ta gaya min in naji ƙarar inji ta ragu kada in firgita, matuƙi ne ya rage gudu yana fuskantar igiyar ruwa da goshin jirgi, don in ta buge shi ta gefe nan ne hatsari yake. Sallar asuba daga zaune na yi ta, ita kuwa tana jan carbi har da gyangyaɗi.

Sai da hantsi ya dubi ludayi ruwa ya kwanta, munka iso Jidda a makare, ƙafata na rawa ko a ɗawafi ji nike ƙasa na lilo. Komawa dai jirgin sama na biya, bashi na ci.

Da na dawo gida ina ba mutanen majalisarmu labari, ƙanena ya ce Yaya, to ina iyon Kwalkwalawa? Takalmi na jefe shi da shi.