Abin da Ma'aunin Zafi Ya Koya Mini a Sakkwato

Lokacin da na zaɓi zafin birnin Sakkwato ya zama aikin bincikena na shekarar ƙarshe a fannin labarin ƙasa, na ɗauka amsar tana aljihuna tun kafin in fara. An koya mana cewa birni ya fi ƙauyukan da ke kewaye da shi zafi, domin kwalta da siminti da bulo suna shan rana yini guda su riƙa fitar da ita cikin dare, abin da masana ke kira tsibirin zafi, kuma tun wajen 1818 wani masanin yanayi ɗan Ingila, Luke Howard, ya lura da haka a Landan. A tunanina, abin da ya rage shi ne in ɗauki ma'auni in je in tabbatar.

Na tsayar da wurare biyu, ɗaya a cikin lungunan unguwar Kanwuri da ke cikin gari, ɗaya a bakin fadamar Kwalkwalawa kan hanyar Dundaye, inda wani abokina yake auna mini a daidai lokacin da nake aunawa, bayan la'asar da kuma gab da asuba. Makonni suka wuce alƙaluman sun ƙi haɗa kai. Wani daren tazarar zafin da ke tsakanin gari da fadama takan yi faɗi, kashegari kuma ta kusan ɓacewa, alhali ba a ƙara gini ko ɗaya a Kanwuri ba. Na kai kuka wurin malamina cewa ma'aunin ne ya lalace. Ya duba littafina ya ce, "Ina ka rubuta inda iska ta taso a waɗannan darare?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ban rubuta ba."

Daga ranar na fara kallon sama. Iskoki biyu ne suke karɓa-karɓa a kan Sakkwato. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iskar arewa maso gabas ce ke mulki, wadda take ratso Sahara ta kwaso ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele a Chadi. Daga Yuni zuwa Satumba kuma iska mai laima ce take hawowa daga Tekun Atilantika da gajimare da ruwa. Gine-gine suna tara zafi kullum, amma waɗannan iskoki ne ke yanke hukuncin yadda zai bayyana. A daren da sama ta washe, iska ta kwanta, kuma babu danshi, filin karkara yakan zubar da zafinsa da sauri, birni kuwa bangaye sun tare shi, sai tazarar ta buɗe. Idan iskar hunturu ta kaɗa da ƙarfi, takan gauraya iskar gari da ta daji har bambancin ya ragu, haka ma idan hadari ya rufe sama.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne cewa lokacin da tazarar ta fi faɗi ba shi ne lokacin da mutane suka fi shan wuya ba. Ɗumin birni a daren sanyi rahama ce ga wanda ba shi da bargo. Azabar tana zuwa ne a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana yake haura digiri 40, iskar teku ta fara leƙowa da danshinta amma ruwa bai sauka ba. Danshin yakan hana ƙasa hucewa, zufa ba ta bushewa, ɗakin kwano ya koma tanda, jama'a su baje tabarmi a tsakar gida har asuba. A irin wannan dare ɗan ƙarin da birni yake yi, ko da bai kai na hunturu ba, a kan jikin da ya riga ya galabaita yake sauka. Zafin da ya game yankin Sahel a farkon Afrilun 2024, har Kayes ta ƙasar Mali ta kai digiri 48.5, ya nuna yadda babban yanayi yake fara ɗora kaya kafin gari ya ƙara nasa.

Awon la'asar ma ya kunyata ni. Da na matsa daga fadama zuwa fako, inda babu ciyawa babu inuwa, sai na tarar ba ya rasa komai daga zafin gari, wani lokaci ma lungu mai dogon yaro ya fi shi sauƙi. Ashe da zaɓen fadama na riga na karkata sakamakon ban sani ba.

Na sake jan layuka a littafina, na ƙara gurbin iska da na gajimare da na hazo. Shafin ƙarshe na daren da aka yi ruwan fari ne, bayan guguwa ta tashi daga gabas ta turnuƙe gari, kuma da na kira abokina da asuba, abin da ya karanto mini daga Kwalkwalawa kusan shi ne a hannuna.